A Bar Kaza Cikin Gashinta: Ranar Da Na Je Fort Mose

Shekarata 14 ina aikin jinya a Jacksonville, a arewacin jihar Fulorida ta Amurka, amma ban taɓa jin sunan Fort Mose ba sai da autata ta shiga aji huɗu na firamare. A wannan ajin ne ake koya wa yaran nan tarihin jiharsu. Wata Alhamis ta dawo da takarda a hannu, wai kowane yaro ya zaɓi wurin tarihi ɗaya, ya je ya gani da idonsa, ya rubuto abin da ya tarar. Ni da so samu ne mu je babbar ganuwar dutsen nan ta garin St. Augustine da kowa ke zuwa, a ɗauki hoto, a sha askirim, a dawo gida kafin la'asar. Ita kuwa ta kafe sai Fort Mose, don malamarsu ta ce nan ne gari na farko da baƙar fata 'yantattu suka kafa da amincewar hukuma a ƙasar da yau ake kira Amurka.

Abin dariya, sunan yana ba Amurkawa da yawa wahala. Mu kuwa yadda Bahaushe zai karanta shi haka yake, Mo-se.

Ƙawata ta wurin aiki ce ta ce za ta kai mu a motarta. Ta girme ni da kusan shekara 15, yarana Anti suke ce mata, ni ma a bakinsu na ɗauka. Baƙar fata ce 'yar asalin gaɓar tekun Karolina ta Kudu, cikin mutanen da ake kira Gullah, waɗanda kakanninsu suka yi bauta a gonakin shinkafa. Ita ta riƙe ni lokacin da na fara aiki, ita ta koya min yadda ake magana da likita mai girman kai ba tare da an rasa aiki ba.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Muna cikin tafiya autata ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Mama, mu ma a danginmu an taɓa yin bayi?" Da Turanci ta tambaya, da Turanci na amsa, ko numfashi ban ja ba. Na ce Allah ya kiyaye, mu 'ya'ya ne gaba da baya, gidanmu gidan malamai ne a Zariya, ba wanda ya taɓa ɗaura wa kakanninmu igiya. Sai da maganar ta fita na tuna wadda ke riƙe da sitiyari. Anti ba ta ce uffan ba. Ta dai miƙa hannu ta ƙara sautin rediyo kaɗan.

Dole in faɗi inda maganar ta samo asali, in ba haka ba labarin bai cika ba. Shekara shida kafin wannan rana, ƙanena ya kawo yarinyar da yake so ya aura. Malamin makaranta ne, ita ma a kwalejin horon malamai suka haɗu. Manya suka aika a yi bincike kamar yadda aka saba. Aka dawo aka ce yarinya ba ta da makusa, ta yi sauka, ubanta ɗan kasuwa ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai dai fa kakanninta 'yan rinji ne, bayin gidan su wane. Babanmu ya rasu, ni ce babba a ɗakinmu, kuma ni ke turo kuɗin makaranta da na maganin Mama da na kwanon da aka sake wa gida. Wanda ke turo dala ko daga bayan teku ya yi tari sai an ji shi a zaure. Na kira Baffa na ce in aka yi auren nan ba ruwana, ba hannuna. Malamin unguwarmu ya sa aka haɗa ni da shi a waya, ya kawo min labarin Bilal, ya tuna min cewa fifiko a wurin Allah da taƙawa yake. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma addini daban al'ada daban." Har yau in na tuna da bakina ya furta wannan ga malami sai in ji kunya ta rufe ni.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ce ba ta goyi bayana ba. Ba ta kuma yi gardama ba. Cewa ta yi, "'Yar nan, a bar kaza cikin gashinta." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Aure ya watse. Tun daga nan ni da ƙanena sai gaisuwar Sallah.

Da wannan kayan a kaina na sauka daga mota a Fort Mose.

Ana barin babban titi ne a bi wata 'yar hanya ta cikin gidajen mutane, kamar za ka gidan suna. Sai ga filin ajiye motoci, ga manyan itatuwa da wata ciyawa mai toka-toka na reto a rassansu kamar gemun tsoho, ga ɗan ƙaramin gidan tarihi. A bayansa fadama ce ta ruwan gishiri iya ganinka. A lokacin ba a gina kwaikwayon ganuwar da aka buɗe a 2025 ba. Autata ta duba hagu ta duba dama ta ce, "Ina garin?" Ni ma abin da ke bakina ke nan. Babu kango, babu ko tubali ɗaya. Raina ya fara ɓaci da na tuna hutun Asabar ɗina.

Wani dattijo ɗan sa-kai ne ya zagaya da mu cikin gidan tarihin, kuma daga taswirar farko na fara yin shiru. Duk abin da na sani game da bayin Amurka shi ne arewa suke gudu. Ashe tun kafin wannan, kudu aka fara gudu. A wancan zamanin Karolina tana hannun Ingila, Fulorida tana hannun Sifaniya, kuma ba sa ga maciji. A 1687 wani kwale-kwale ya iso St. Augustine ɗauke da maza takwas, mata biyu da yaro ɗaya da ke shan nono. Sun gudo daga Karolina, tafiyar ɗaruruwan kilomita ta cikin ruwa da fadama. Da Turawan Ingila suka aiko a mayar musu da dukiyarsu, gwamnan ya ƙi. Aka yi wa mutanen baftisma, aka sa mazan aikin ginin babbar ganuwar nan ta Castillo de San Marcos, wadda na so mu je shan askirim a gindinta, aka kuma biya su ladan aiki. A 1693 Sarkin Sifaniya Carlos na Biyu ya fitar da umarni cewa duk bawan da ya gudo daga hannun Ingilishi, mace ko namiji, ya sami 'yanci in ya shiga Katolika. Labari ya bi bakin bayi daga gona zuwa gona.

Kada mai karatu ya ɗauka Sifaniyawa tausayi ne ya cika su. A cikin St. Augustine ɗin kanta akwai bayi, ana saye ana sayarwa. Lissafi suka yi: duk bawan da ya gudo, gonar abokin gaba ta rasa hannu, su kuma sun ƙara mai riƙe bindiga. Kuma alkawarin sarki ba kullum yake isa ƙasa ba. Mutumin da hotonsa na zane ya cika bangon ɗakin, Francisco Menéndez, shi ne shaida. Bamandinke ne daga yankin kogin Gambiya. An sayar da shi a Karolina, ya gudu ya shiga cikin 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Yamasee, a yaƙin da suka fara da Ingilishi a 1715, ya yi shekaru yana yaƙi tare da su. A 1724 ya iso St. Augustine yana zaton ya iso tudun mun tsira, sai aka sake bautar da shi. Sunan ma da duniya ta san shi da shi na jami'in baitulmalin da ya mallake shi ne. Yana bawa aka naɗa shi shugaban mayaƙa baƙar fata, ya kare garin da ke riƙe da shi, yana ta kai ƙara yana neman a cika alkawari. Sai a 1738 Gwamna Manuel de Montiano ya 'yanta shi da sauran 'yan'uwansa. Na lissafa a zuciyata, shekara 14 ke nan, daidai da zamana a ƙasar nan. Ni da nake ƙorafin takarduna sun daɗe.

A shekarar ce aka ba su fili kimanin mil biyu arewa da gari, aka sa masa dogon suna, Gracia Real de Santa Teresa de Mose. Mutum kamar 100 ne. Suka ɗaga ganuwar ƙasa da itace, suka haƙa gwalalo suka shuka tsiro mai ƙaya a ciki, suka yi bukkoki da jinkar ganye irin na kaba, suka yi noma, suka kama kifi. A takardun coci an rubuta asalinsu: Mandinka, Kongo, Mina, Karabali, Lukumi, Arara da wasu. Mutanen da a gida ko yaren juna ba sa ji, wasu ma sun auri 'yan asalin ƙasar. Da dattijon ya nuna inda tungar take a taswira, a kan hanyar da maharan Ingila za su bi in sun taso daga arewa, sai na gane abin. Ribaɗi ne. Irin garuruwan bakin iyaka da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa, kamar Wurno, inda ake zaunar da mutane su yi noma su kuma zama garkuwa. In yaƙi ya zo su za a fara taɓawa.

Sharaɗin addinin nan ne ya tsaya min a wuya. Ƙasar Mandinka Musulunci ya daɗe da shiga cikinta, kuma na tsaya ina kallon wata 'yar lambar wuya ta azurfa da aka tono a wurin, aikin hannu, da siffar waliyyin Kirista a jiki. Dattijon ya yi bayani cewa wasu daga cikin mutanen Kongo tun a gida sun san Katolika, don sarkinsu ya karɓi addinin tun 1491, saboda haka su ba baƙon abu aka miƙa musu ba. Amma sauran fa? Na juya na ce wa Anti a hankali, wane irin 'yanci ne wannan da sai ka ajiye sunanka da addininka a ƙofa? Ni kam da na gwammace in mutu.

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take wa sabbin ma'aikata. Ta ce, "Kin manta da yaron da ke cikin kwale-kwalen? Ke ce uwarsa. Bayanki karnuka, gabanki mutum riƙe da kwanon ruwa yana tambayar sunan da za a sa miki. To faɗa min."

Ban faɗa mata ba. Na san ayar da ke cikin Suratun Nahli game da wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani, tun muna Islamiyya aka ba mu labarin Ammar ɗan Yasir. Na san ta a ka, ban taɓa kai ta bakin wani kwale-kwale ba. Mai ƙoshi ne ke zaɓen irin mutuwar da zai yi.

Daga nan labarin ya yi ta gudu. A watan Satumba na 1739 bayi suka yi bore a bakin kogin Stono a Karolina ta Kudu, suka kama hanyar Fulorida da ganguna, aka tare su aka karkashe. Shekara na zagayowa aka kafa musu doka mai tsanani, har da hana koya musu rubutu. A nan Anti ta ɗan daɗe a tsaye. Ta ce nata kakannin suna cikin waɗanda suka zauna, ba su gudu ba, ko sun gudu ba su isa ba. A 1740 James Oglethorpe na Jojiya ya kawo yaƙi, aka kwashe mutanen Mose aka shigar da su cikin gari, sojojinsa suka mamaye tungar. Ranar 26 ga Yuni, kafin alfijir, sojan Sifaniya da mayaƙan Menéndez da 'yan asalin ƙasar suka faɗa musu suna barci, aka kashe fiye da 60. Har yau duk watan Yuni ana kwaikwayon wannan yaƙin a filin. Amma tungar ta rushe.

Shi kuwa Menéndez wahala ba ta gama da shi ba. Ya rubuta wa sarki takarda yana neman ladan aikinsa, ya sa hannu da kansa, abin da Turawa da yawa na zamanin ba su iya ba. Da shiru ya yi yawa sai ya shiga jirgin ruwan da ke farautar jiragen Ingila. A 1741 aka kama shi, aka gane ko wane ne, aka ɗaure shi aka yi masa bulala 200, aka zuba masa ruwan gishiri a miki, aka sayar da shi a tsibiran Bahamas. Bauta karo na uku. Kuma duk da haka ya dawo. A ƙidayar 1759 ga sunansa nan a Mose, shi ne kyaftin, da matarsa, cikin mutum 67 a gidaje 22. Autata ta kwafe lambobin nan da kyau, tana fitar da harshe kamar yadda take yi in ta dage.

Akwai abin da ban zata ba. Shekara 12 mutanen suka yi a cikin gari bayan yaƙin, suna sana'o'insu, suna cuɗanya da kowa. Da aka sake gina tungar a 1752 aka ce su koma, ƙi suka yi. Sai da gwamnan lokacin ya hukunta jagororinsu sannan suka tashi. Wurin da yau muke zuwa gani da alfahari, masu shi da kansu sai da aka kora su ciki. Sun san bambancin zama cikin mutane da zama a bakin daji a matsayin garkuwar wasu.

A 1763 Sifaniya ta miƙa Fulorida ga Ingila a yarjejeniyar Paris. Mutanen Mose ba su tsaya jiran ganin abin da zai biyo baya ba, suka bi jiragen Sifaniyawa zuwa Kyuba. A yankin Matanzas aka ba masu zama gona fili da kayan aiki da 'yan kuɗi. Dattijon ya ɗan yi jim, sannan ya ƙara da cewa an kuma ba su bawa, sabon kamu daga Afirka, ya taya su noma.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Mutumin da aka bautar sau uku, mai tabon bulala 200 a gadon baya, an miƙa masa igiyar wani. Na ji haushi ya taso min, na ce wannan ai cin amana ne, wanda ya san ɗacin abu ya ɗura wa ɗan'uwansa? Anti ta ɗaga kafaɗa ta ce mutum ne. Ni ina can ina hukunta matacce, laifi tudu ne.

Muka fita muka hau doguwar gadar katako da ta ratsa fadamar. Ruwa ya janye, ƙananan ƙaguwa sun cika taɓo, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. A ƙarshen gadar aka nuna mana wani ɗan tsibiri mai itatuwa can nesa. Nan tunga ta biyu take, ba a isa da ƙafa. Da can duk busasshiyar ƙasar noma ce, ruwa ya cinye. Sama da shekara 150 wurin ya ɓace, sai a 1986 masu haƙar tarihi ƙarƙashin Kathleen Deagan suka fara tono, ita kuma Jane Landers ta bi tsofaffin takardu har Sifaniya ta zaƙulo sunayen mutanen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ƙasa ta riƙe kaɗan ne: tsingaro, maɓallai, duwatsun wuya, guntayen lofe, dalmar bindiga, ƙasusuwan kifi. A 1994 gwamnati ta sa wurin cikin manyan wuraren tarihin ƙasa. Na ɗauki hoto biyu don kada a ce ban ɗauka ba. Sauro ya kore mu.

Kashegari Lahadi, ranar da muke kiran gida. Aka kai wa Gwaggo waya, fuskarta ta cika allon, rabi ma goshi ne. Autata ta karɓe tana ba ta labari da Hausarta mai ɗingishi, wai sun je garin bayi da suka gudu. Kafin in ankara ta ce, "Gwaggo, mu gidanmu babu bayi ko? Mama ta ce babu."

Gwaggo ta yi shiru har na zaci intanet ce ta yanke. Sannan ta ce a ba ta uwar.

"'Yar nan, yarinya ta tambaye ni, ni kuwa kabari nake fuskanta. Kin san Iya?"

Na san sunan. Kakarsu ce ita da babanmu, ta wajen uba. Ta rasu Gwaggo na budurwa. Abin da na sani game da ita shi ne mai yawan azumi ce.

Gwaggo ta ce Iya tana da tsaga a fuska wadda ba irin ta kowa ba a unguwar, kuma in tana niƙa takan yi wata waƙa da ba wanda ke jin yarenta. Daga duwatsun kudancin Zazzau aka kamo ta kafin zuwan Turawa, tana ƙarama, sun je ɗiban ruwa ita da ƙanenta. A hanya aka raba su. Aka kai ta rinji, aka sake mata suna, aka koya mata salla. Da ta girma aka haɗa ta da wani bacucane na rinjin. Shi ne ya yi ta biyan murgu, damina yana gona, rani yana dako da fatauci, har ya tara abin da ya fanshi kansa, daga baya ya fanshe ta a gaban alƙali aka ba su takarda. Ɗansu an haife shi bayan dokar Turawa ta 1901 da ta ce duk wanda aka haifa daga lokacin ɗa ne. Amma doka ba ta rufe bakin mutane. Sai suka tura shi gabas almajiranci. Ya dawo da Alƙur'ani a ka, ya ƙi komawa inda aka san su, ya sauka a wata unguwa a cikin birni, ya kafa tsangaya. Shi ne kakana, Malam, wanda nake tinƙaho da shi. Gidan malaman namu daga kansa ya fara.

Na ce, "Gwaggo, takardar fa?"

Ta ce tana cikin adakar Iya har bayan rasuwarta. Babanmu ne ya ƙona ta a shekarar da zai nemi auren Mama, don ya san za a zo bincike.

Ina zaune a kicin, ga tukunya a wuta, na kasa tashi in rage. Abin da ya fara zuwa min ba tausayin Iya ba ne, in faɗi gaskiya. Tsoro ne, wa da wa ya sani. Bayansa ne sauran suka biyo. Sunan da aka ajiye a ƙofa, addinin da aka karɓa a hannun wanda ya kama ka, duk abin da na tsaya jiya ina yi wa mutanen Mose izgili a kai, ta nan muka biyo. Sallar da nake yi, wadda ba zan musanya da komai ba, wata yarinya ce da aka raba da ƙanenta ta fara yin ta a gidanmu, kuma ta riƙe ta har ta fi masu koya mata. Ban san yadda ake ɗaukar abu biyun nan a hannu ɗaya ba, har yanzu koyo nake.

Na ce, "Don Allah Gwaggo me ya hana ki faɗa min a lokacin?"

Ta ce, "Kin tambaye ni? Lokacin kuɗinki ke magana, kunnenki na Amurka. Na ce miki a bar kaza cikin gashinta, kika ce sai an fige. To ga wuƙar nan kin tono."

Ranar Litinin a ɗakin hutun ma'aikata na ba Anti haƙuri a kan maganar mota, na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta juya shayinta ta ce ni aƙalla na san dutsen da aka ɗauko tawa kakar, ita ko gabas ko yamma ba ta da wanda za ta nuna. Sannan ta tura min rabin biredinta.

Kiran ƙanena ne ya ɗauke ni mako uku. Sau biyu ina danna lambar ina kashewa. Yarinyar ta daɗe da aure a Kaduna, 'ya'yanta uku. Shi ma ya yi aure, 'yar Baffa, wadda ni na nuna. Da ya ɗauka muka gaisa kamar baƙi, na tambayi iyali, ya tambayi yara. Na fara ba shi labarin Iya, ina tuntuɓe da kalmomi, ban kai rabi ba ya tare ni.

"Na sani, Yaya."

Ashe Gwaggo ta kira shi ɗakinta mako ɗaya bayan an mayar da kayan, ta faɗa masa. Shekara shida yana riƙe da abin. Na ce me ya sa bai jefe ni da shi ba, ai da magana ta ƙare a ranar. Ya ce Mama na fama da hawan jini a lokacin. Kuma da ya faɗa, cewa zan yi ya ɓata sunan Baba a kabari saboda mace. Na buɗe baki in musa, na rufe, don haka ɗin zan ce.

Na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, da irin muryar da ake amsa gaisuwar makoki. Muka yi shiru, ina jin kukan ɗansa da ƙarar injin markaɗe daga maƙwabta. Can ya tambaye ni maki nawa auta ta ci a aikin nata, na faɗa masa. Ya ce in turo masa hoton wurin ya gani.

Na tura masa guda biyun da na ɗauka a ƙarshen gada, ciyawa da taɓo da ɗan tsibiri can nesa. Sai bayan isha'insu amsa ta shigo.

"Yaya, ina garin?"